Rabin Saƙo da Waken Iri

Bazarar bana ta zo goye da zaɓe, ni kuwa duk sanda zafi ya haɗu da zaɓe sai jikina ya mutu. Jiya da hantsi ina zaune a inuwar katanga a gidanmu na Zawaciki, ina tsince wake a faifai, surukata Hadiza ta miƙo mini wayarta.

Ta ce, "Iya, ku ga wannan, da ku yake magana."

Na karɓa. Wani mutum ne a cikin gilashin, ya sha babbar riga, ya dafe ƙirji, yana cewa ba zai taɓa mantawa da iyayensa mata ba. Murya na fita tar kamar yana tsaye a tsakar gidan. Ban bari ya kai aya ba na mayar mata da abarta.

"Ai bai gama ba, Iya."

Na ce, "Na san ƙarshenta."

Ta ƙyale ni, don ta san halina. Amma waken ya tsaya mini a hannu, na daɗe ban tsinci ko ƙwaya ba. Wata bazarar ce ta dawo mini, ta shekarar zaɓe na uku bayan sojoji sun koma bariki.

Lokacin muna ƙauyenmu na bayan kamfanonin Challawa. Maigidana Malam ya rasu da daɗewa, ya bar mini ɗaki biyu da 'yar gona a bayan gari. Sana'ata abinci a bakin ƙofar masaƙa, kamfanin da ake yin atamfa. Kafin assalatu na hura wuta, kafin rana ta fito na sauke tukunyar farko, kafin jiniyar canjin aiki ta yi kuka na kafa teburina. Masu fita su ci, masu shiga su ci. Na san cikin kowa. Na san mai son ƙanzo, na san wanda yaji ke sa shi tari, na san wanda ya yi faɗa da matarsa tun daga yadda ya miƙo kwano. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma idona bai taɓa cin amanata ba. Haka nake faɗi a lokacin, har da ɗan alfahari.

Sai abubuwa suka fara ja da baya. Yau babu wuta, gobe babu baƙin man da injuna ke sha, jibi an ce atamfar waje ta cika kasuwa. Aikin da ake yi kashi uku ya koma biyu, ya koma ɗaya. Direbobin manyan motoci da ke cin abinci wurina su suke kawo labarin sauran wurare: an rufe wani kamfani a Sharada, an sallami mutane a Bompai, a Dakata sito-sito sun zama gidan tantabaru. Ranar da aka zo kanmu babu wata hayaniya. Jiniya ce kawai ba ta yi kuka ba, aka zura sarƙa a ƙofa, aka bar tsohon maigadi da bencinsa.

Cikin waɗanda aka sallama har da Ɗanlami. Shi ne ɗan farina, kuma sunan da na faɗa laƙabi ne, don sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba. Haka muka taras, haka muka yi. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba yana jariri, ban taɓa yabonsa ba da ya girma. In zan ba shi abinci sai in ajiye kwano in ce, "Ga shi nan," kamar da bango nake magana. Shi ma bai taɓa ce mini Inna ko Umma ba. Ya tashi ya ji ƙannena na ce mini Yaya, shi ke nan ya ɗauka. Yaya da safe, Yaya da yamma, kamar ba ni na haife shi ba.

Bayan kaka ya ce zai tafi Fatakwal neman aiki. Ban hana ba, ban kuma ce na ji daɗi ba. Ranar tafiya ya ajiye mini wata 'yar waya mai tocila a kan tabarma.

Ya ce, "Yaya, kira yana cin kati, saƙo zan riƙa aikowa. In kin ji ta yi ƙara sau biyu, ki kai wa Maman Talatu ta karanta miki."

Na ce, "Na ji." Iyakar sallamarmu ke nan.

Maman Talatu mutuniyar kudancin Kaduna ce, Kirista, ta yi shekaru a ɓangaren zare na masaƙa kafin sallama ta haɗa da ita. Haya take yi bayan gidana. Tana karanta Hausa tiryan-tiryan, ta ce a coci ta koya. Tata wayar ta sayar tun sanda aiki ya tsaya. Mace ce mai dariya, ni kuwa ba mai dariya ba ce, amma mun zauna lafiya, don ba ta yawo da zancen mutane.

Saƙonnin Ɗanlami busassu ne kamar shi. "Yaya na sauka lafiya." "Yaya ana nan ana nema." "Yaya a gaida mutanen gida." In ta karanta sai in ce, "To," in karɓe wayata. Bayan kwana biyu in sake komawa in ce kamar ta yi ƙara, ta duba mini. Ta san ba ta yi ba. Sai ta sake karanta mini tsohon, ta yi kamar ba ta gane ba.

Bazarar shekarar nan ta gwada mana hali. Tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Rijiyar unguwa ta ja baya, sai an ƙara igiya a kan igiya, guga ya fito da rabin laka. Ruwan da kamfanonin fata ke sakowa ta lambatu ya kwanta ya yi baƙi-ƙirin, warinsa ya bi iska ya shiga har cikin tuwo. Kwanon rufi na ƙara shi kaɗai saboda rana. Awaki sun daina kuka. Kowace uwa na taɓa wuyan ɗanta don tsoron sanƙarau. Na koma da teburina ƙofar wani kamfanin fata, amma can da masu wurin, ni baƙuwa ce, a ƙarshen layi aka ba ni inda babu inuwa. Tukunya biyu ta koma ɗaya, ɗayar ma wata rana in dawo da saura ya yi yami. Rumbu ya yi ƙasa har ina jin ƙwarya na kankarar gindinsa. Tuwo ya zama sau ɗaya a yini, da safe ɗumame in an yi sa'a, in ba a yi ba kunun tsamiya.

Abu ɗaya ne a ɗakina da yunwa ba ta isa ta taɓa ba. Wani ƙaramin tulu ne a bayan gado, na liƙe bakinsa da laka. A ciki akwai waken iri, farin kanannado, na cuɗe shi da toka don kada ƙwari su ci. Irin mahaifiyata ne, ita ma wurin tata ta gada. Kowace damina sai gero ya tasa sannan in bi tsakanin kunya in shuka shi. Waccan kakar bai yi albarka ba, abin da na ware bai wuce kwano ɗaya da rabi ba. Ɗanlami da hannunsa ya kwaɓa lakar da aka liƙe tulun kafin ya tafi.

A cikin wannan hali 'yan siyasa suka fito. Da mun saba da su a rediyo da lasifika a kan mota, da takardu a jikin katanga. Shekarar nan sai suka gano waya. Samari na aika wa juna waƙoƙin 'yan takara, in wayar mutum ta yi ƙara ka san ɓangarensa kafin ya ɗauka. Wata rana Ubale, wani ɗan ƙauyenmu da ke yi wa wata jam'iyya hidima, ya zo layin masu abinci da littafi a hannu yana karɓar lambar wayar mata.

Ya ce, "Iya, a ba ni lamba."

Na ce, "Ta me?"

"Ta mata iyayen tafiya. In an ci zaɓe za a buɗe masaƙa, masu abinci na asali su za a fara kira."

Na ce, "Ubale, ruwa ba ya tsami banza. Yaushe ka fara sona haka? Kai da ko gaisuwar rasuwar Malam sai da aka yi arba'in ka zo."

Ya yi dariya ya ce, "Iya, ba kwa mantuwa."

"Ba na yi."

Amma ya ambaci masaƙa, ni kuwa in masaƙa ta buɗe akwai wanda zai dawo gida. Ban san lambata da ka ba, tana rubuce a wata 'yar takarda da Ɗanlami ya manna a bayan wayar. Na juya masa ya kwafa. Sai da ya wuce na ji kamar na ba wani aron zanen jikina.

Daga ranar waya ba ta huta ba. Ta yi ƙara sau biyu ina tsaka da tuƙa tuwo, in sauke muciya, in yafa mayafi, in zagaya gidan Maman Talatu. Ta duba ta ce, "Masu neman ƙuri'a ne, Iya. Wai ki adana katin zaɓenki." Gobe kuma, "Wai kada ki yarda da ƙaryar 'yan adawa." Na Ɗanlami kuwa ya ɗauke ɗif. Sati ɗaya, biyu, har biyar. In an kira lambarsa wata mata ce ke amsawa da Turanci, Maman Talatu ta ce wai a kashe take.

Wata rana ta ce mini, "Iya, cikin wayar nan ya kusa cika. Saura gurbi ɗaya. Bari in goge na 'yan siyasan nan."

Na fizge abata. Na ce, "Ba a goge mini komai."

"Nasu kawai zan cire, na Ɗanlami suna nan."

"Yatsa ba shi da ido. In ya zame fa?"

Ta ce, "Ni dai na faɗa miki. Tulu in ya cika ba ya karɓar ruwa."

Na ji ta, amma ni duk baƙaƙe iri ɗaya ne a idona, kamar tururuwa. Ba zan iya tsayawa a kanta in tabbatar wanne ta cire ba. Abin da ba zan iya sa wa ido ba kuwa, ba na barin kowa ya taɓa.

Ranar Laraba bayan azahar waya ta yi ƙara. Na taras da Maman Talatu a ƙofar ɗakinta tana fifita da murfin kwano. Ta duba, sannan ta karanta a hankali.

"Uwata ta kaina, ɗanki ne ke gaisuwa. Na san wahalar da kike sha tun da aka rufe masaƙa. Ina nan tafe ranar Asabar da hantsi, mu haɗu a bakin ƙofa. Ni ne naki."

Na ce, "Sai me?"

"Nan ya tsaya. Akwai sauran magana, ba ta samu wurin shiga ba. Kin ga ɗan ambulan ɗin nan yana ƙyaftawa? Cewa yake an cika."

Na ce, "Sake karantawa."

Ta sake. Na zauna a kan turminta.

Ta ce, "Iya, lambar nan fa ba tasa ba ce."

"Ya ari ta wani."

"Kuma Ɗanlami ba ya jera magana haka. Shi nasa kamar jifa da tsakuwa."

"Bariki na koya wa mutum magana."

Ta dube ni ta ce, "Yaushe ya taɓa ce miki uwata?"

Nan ne wurin. Ni ma na ji kalmar tun karatun farko, ta tsaya mini kamar ƙaya. Na san bai taɓa faɗa ba. Mace irina da take gane gurɓataccen manja daga nesa, ai ba sai an nuna mini ba. Amma shekara talatin da wani abu ban taɓa jin kalmar nan daga gare shi ba, ban kuma san ina jiranta ba sai ranar. Na ce a raina, ya yi nisa ne, ya sha wuya, kunya ba ta bin mutum cikin rubutu. Abin da baki ya kasa, yatsa ya faɗa. Bakin ƙofar masaƙa kuwa nan motocin Challawa ke sauke mutane, ina kuma zai ce mu haɗu?

Ta ce, "Ki bari in goge guda biyu kawai, ƙarshen ya shigo mu ga sunan."

Na ce, "Na san sunan ɗana." Na tashi na tafi.

Ban gaya wa kowa ba. Uwa ba ta shelar murnar ɗan fari, abin kunya ne. Da ni mai surutu ce, da tun a bakin rijiya wata ta warware mini.

Ranar Alhamis na share ɗakinsa, na shanya tabarmarsa. Sannan na tsaya ina duban abin da zan ba shi. Tsaki ne da garin kuka. Mutumin da ya yi wata da watanni a ƙasar da ba a san tuwo ba, a tare shi da tsaki? Tun yana ƙarami babu abin da yake so kamar alalar kanannado da manja. Ba ya faɗa, amma ina ganin yadda yake lashe gwangwanin. Waken kasuwa ya fi ƙarfina a bazarar nan, kuma ko na samu ba ɗaya ba ne.

Ranar Juma'a da safe na jawo tulun. Sawun yatsunsa na nan a jikin lakar. Na daɗe ina kallo, sannan na sa taɓarya na ƙwanƙwasa. Na ce rabi zan ɗiba, rabi ya isa iri in an yi tattali. Na zuba rabin a ƙwarya, na sheƙe tokar, sai na ga ya zama ɗan kaɗan. Na tuna yadda wuyansa yake tun kafin ya tafi. Na ce in ya dawo ai namiji ya dawo gida, iri ba zai gagara ba. Na juye sauran.

Na jiƙa, na surfa, na wanke har ruwa ya fita fari, ruwan da na sha wuyar jawowa. Injin niƙa babu wuta tun shekaranjiya, sai na durƙusa a kan dutse kamar zamanin ƙuruciya. Gumi na ɗiga daga haɓata, ina kawar da kai don kada ya faɗa a ƙullu. Asabar da asuba na dafa. Ƙamshin ya cika gidan, har Maman Talatu ta leƙo ta katanga. Ta ga tulun a kife. Ta janye kanta.

Na jera alalar a kwanon samira, na ɗaure da ɗankwali mai tsabta, na ɗauko zanen da nake zuwa suna da shi. Tun daga nesa na ji kiɗa. Na ce ko biki ake yi. Da na matso sai na ga bakin ƙofar masaƙa cike da mata, wasu da ɗankwali mai hoton mutum, wasu da goyo, kowace na kare rana da abin da ta samu. An kafa rumfa, an ɗaura lasifika a jikin sarƙar ƙofar. Ubale na ta kai da kawo da 'yar hularsa. Na raɓe gefe wajen da motoci ke tsayawa, na ce taronsu daban, nawa daban.

Wata mai ƙosai da muka yi zaman layi tare ta hango ni. Ta ce, "A'a, Iya, ke ma ɗan naki ya aiko miki?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ɗaga wayarta tana dariya. "Ai duk ya haife mu, ko mu muka haife shi. Uwata ta kaina. Ni da ban kai shi shekaru ba ma uwarsa ce."

Matan da ke kusa suka kwashe da dariya. Wata ta ce ita ko haihuwa ba ta taɓa yi ba, ga shi ta samu ɗa mai mota. Ban yi dariya ba, ban kuma motsa ba. Kwanon ya yi mini nauyi a ka kamar dutse na ɗauko.

Wata mai rabon ɗankwali ta zo ta dubi kwanon ta ce, "Baba, wannan abincin na jam'iyya ne? A kai rumfa."

Na ce, "Na ɗana ne."

Sai wajen azahar ya iso, shi mai saƙon. Motoci a jere, ya fito da rabin jikinsa ta saman wata, ya ɗaga hannu. Ya sauko ya kama sarƙar ƙofar ya girgiza, masu ɗaukar hoto suka ɗauka. Ya yi maganar jiniya za ta sake kuka. Ko fuskarsa ban riƙe ba. Kafin a yi sallar azahar a gama sun wuce, an ce Sharada za su. Aka naɗe rumfa, aka kwance lasifika, mata suka watse, ya rage ledojin ruwa a ƙasa da tsohon maigadi a bencinsa.

Ni ban tafi ba. Na san gaskiya, amma na zauna a gindin katangar har la'asar, duk motar da ta tsaya sai na duba masu sauka. Ban san me nake jira ba.

Nan Maman Talatu ta same ni. Ta zo da ruwa a gora, ta miƙo mini, ta zauna kusa da ni ba ta ce ai na faɗa miki ba. Har yau ina ganin girmanta saboda wannan. Na sha ruwan. Na kwance bakin zanena na ciro wayar na sa mata a hannu.

Na ce, "Goge."

"Wanne?"

"Duk wanda bai fara da Yaya ba."

Ta fara dannawa. Ba ta yi nisa ba wayar ta yi ƙara sau biyu. Ta duba ta ce, "Ƙarshen na ranar Laraba ne. Sunansa, da alamar da za ki dangwala wa." Na ce ta haɗa da shi. Ta ci gaba. Can sai wayar ta sake yin ƙara. Wannan karon Maman Talatu ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Iya, wannan da Yaya ya fara."

"Karanta."

"Yaya ina lafiya. Wayata ce aka sace. Na samu aikin dako a kasuwa. Ba zan zo ba sai kaka. Ko ana yunwa kada ki taɓa waken tulu, ki shuka."

Na ce, "Yaushe ya aiko?"

Ta duba. "Jiya da safe. Saƙon yana bakin ƙofa yana jiran wuri."

Jiya da safe, ina riƙe da taɓarya, wayar na ƙulle a bakin zanena.

Yana da rai, wannan ya sauke mini wani kaya. Wani kuma ya hau. Can ta ce, "To buɗe kwanon nan, kada ya lalace sau biyu." Na kwance ɗankwalin. Zafi ya fara taɓa alalar, ta ɗan yi yami a gefe. Muka kira maigadi, muka ci mu uku a gaban ƙofar da ke rufe. Ya ce rabonsa da alala irin wannan tun yana yaro, ya tambaye ni wane irin wake ne. Na ce wanda babu sauransa.

Zaɓe ya zo ya wuce. Na je na dangwala, wanda na dangwala wa tsakanina da Allah ne. Saƙonni suka ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke, ko na godiya ba a aiko ba. Jiniya ba ta sake kuka ba.

Ruwan farko ya makara. Ranar da ya sauka na fita tsakar gida na tsaya, ƙamshin ƙasa ya danne warin fata a karo na farko cikin watanni. Maƙwabta suka taya ni shukar gero. Da lokacin wake ya yi, na ɗauko tokar da na sheƙe, don ban zubar ba, na tankaɗe ta a rariya. Na samu ƙwayoyin da ba su cika tafin hannu ba, wasu ma ƙwari sun huda. Na shuka su a kunya ɗaya. Sauran gonar wata maƙwabciya ta sammini nata irin, ja ne ƙanana, ba laifinsa, amma ba shi ba ne. Na kunya ɗayan nan ya fito jefi-jefi, bai yi abin a zo a gani ba. Shekara biyu ina lallaɓa shi, a ta uku ya ƙare.

Ɗanlami ya zo da kaka kamar yadda ya ce. Ya rame, ya yi baƙi. Washegari ya zagaya gona ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakina.

Ya ce, "Yaya, ina kanannadon?"

Na ce, "Baƙo na yi."

"Wane baƙo?"

"Wani ne ya ce shi ɗana ne."

Ya tsaya kamar zai ƙara tambaya, ya ga fuskata, ya wuce. Ban san ko Maman Talatu ta gaya masa ba kafin ta koma garinsu. Bai sake tayar da zancen ba, ni ma haka.

Yanzu gonar ta zama filoti, an yi gini a kai. Wayar Hadiza ba ta cika, ko dubu nawa aka zuba mata tana haɗiyewa. Ba sai na yafa mayafi na nemi mai karatu ba, su da kansu suke magana, da murya da fuska, wani da waƙa, wani da kuka, daga safe har yamma. Jiya ma bayan na mayar mata, na ji wani ya biyo baya yana kiran uwayensa na kansa. Waken faifan nan na kasuwa ne, ban san sunansa ba.

Da la'asar sakaliya Ɗanlami ya dawo daga aiki. Gemunsa ya fara furfura. Ya tsaya daga nesa kamar yadda ya saba, ya cire takalmi.

Ya ce, "Yaya, sannu da gida."

Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Yauwa," na ci gaba da tsintar wakena.